Sunan Inna na can uwar gari: abin da za a gyara kafin zaɓen ƙananan hukumomi ya dawo

Tambaya: Mushe (malamin makaranta), ina gaisuwa. Ni ɗan wata tunga ne a gundumar Keita, jihar Tahoua, a Nijar. Ranar zaɓen ƙananan hukumomi na 2020 na goya Innata a babur muka zagaya rumfa uku, ga kati a hannunta, ba mu ga sunanta ba. Da rana ta take ta ce in mayar da ita gida. Daga baya muka ji sunan na can uwar garinmu, tafiyar kilomita goma sha ɗaya. An ce ka daɗe cikin aikin rumfunan zaɓe. In Allah ya kawo lokacin sake zaɓen kansiloli, me ya kamata a gyara?

Amsa: Lafiya lau ɗana. Ka gaida Inna, ka ce mushe na ba ta haƙuri. Na fara riƙe rumfa a zaɓen ƙananan hukumomi na 24 ga Yulin 2004, lokacin ina koyarwa a karkara, na sake riƙewa a Janairun 2011, a 2020 kuma ina cikin masu koya wa ma'aikatan rumfa aiki. Irin Innarka na gan su ba adadi: tsohuwa tsaye bakin tagar aji, kati ƙulle a gefen zane, jikanta na bin takarda da yatsa yana neman suna. Ƙuri'arta ta salwanta tun ranar da aka rubuta ta, shekara guda kafin ka tada babur, kuma yawancin ƙuri'un da ke ɓacewa a karkara haka suke ɓacewa.

Mutane na raina wannan zaɓe, alhali a cikinsa ne rumfa ɗaya ke da nauyi. A zaɓen shugaban ƙasa ƙuri'a ɗari biyu ɗigon ruwa ne a tafki. Majalisar ƙaramar hukuma kuwa kujeru 11 ne zuwa 25, gwargwadon yawan jama'a. Ana raba su bisa ƙuri'un da kowane jerin ƴan takara ya samu, sannan kansilolin su zauna su fitar da magajin gari daga cikinsu. A ce ƙuri'a dubu tara aka jefa kan kujeru 11. Kujera ɗaya ta kama ɗari takwas da ƴan kai ke nan, ta ƙarshe kuma sau da yawa tazarar ƴan gomomi ke raba gardamarta. Tunga biyu su kasa zuwa, kujera ta tafi wani gari, kuma wataƙila kujerar nan ce za ta yanke wanda zai riƙe harajin kasuwa, ya ce ga inda za a haƙa rijiya, ga inda za a gina aji.

A zaɓukan 2020 rumfuna kusan 26,000 aka kafa a faɗin ƙasa, masu zaɓe kuma miliyan 7 da dubu 400 da ɗoriya. In ka raba, rumfa ɗaya ba ta kai mutum 300 ba. Ashe rumfuna ba su yi kaɗan ba, wurin ajiye su ne bai daidaita ba. Sai ka tarar da huɗu jere a makarantar babban gari, aji na kallon aji, tungayen da ke kewaye kuwa ko ɗaya babu.

Kai ɗan Adar ne, ka san yadda tunga ke tashi. Gona ta yi nisa, magidanci ya kafa bukka don damina, ƙanensa ya biyo shi, bayan shekara goma sha biyar gidaje talatin ne da masallaci da rijiya. A takardar gwamnati har yanzu mutanen uwar gari ne, can suke biyan lanho, wato haraji, can hakiminsu yake. Da aka zo rajistar zamani a ƙarshen 2019, na'ura ta sauka a makarantar uwar gari na ƴan kwanaki, aka yi shela, mutanen tunga suka tako aka ɗauki hotonsu da zanen yatsunsu, kowa ya manne da rumfar wurin da aka rubuta shi. Tambayar da ta kamata a yi wa Inna ɗaya ce: ina kike kwana? Da an yi ta, an kuma rubuta amsar, da ba ka aiko mini wannan saƙo ba.

To me ya hana a kafa rumfa a tungar? Nan ne maganar ke da ƙaya, kuma ba kowa ke faɗinta a fili ba. Hakimi na da kaso cikin harajin da ya tara, yawan talakawansa kuma shi ne nauyinsa a fadar sarki. A idonsa, tungar da ta samu rumfarta ta fara hanyar samun nata hakimin: yau akwati, gobe rawani. Na zauna a wani taro inda dattijo ya rantse cewa wata tunga "gida biyar ce kawai", ni kuwa yara arba'in da wani abu na san suna zuwa mini aji daga can. Ban ga laifinsa ƙwarai ba, tsoronsa na da tushe. Maganin shi ne a faɗa gaban perfe, wato shugaban gunduma, da sarki, a kuma rubuta, cewa rumfar zaɓe ba ta ba kowa sarauta, ba ta cire kowa daga takardar lanho. A nemi shawarar hakimai, don sun fi kowa sanin wanda ya tashi da wanda ya zauna, amma maganar ƙarshe ta zama ta ma'aunin tafiya. Dokar zaɓe da kanta ta gane cewa sarauta da akwati na bukatar tazara, shi ya sa ta hana kafa rumfa cikin fada ko ƙofarta, kamar yadda ta hana a bariki da ofishin jam'iyya.

Ni a nawa ma'aunin, kada tafiya ta wuce kilomita biyu, kuma da ƙafa za a auna. A ƙasar Keita da Bouza, abin da taswira ta nuna kusa yana iya zama hawan dutse da gangara da ƙetare korama, tafiyar da saurayi zai yi yana waƙa, mai ciki wata takwas kuwa ba za ta fara ba. Aikin ma ba sabo ba ne. Masu allurar rigakafi na kowace cibiyar lafiya suna da jerin tungaye da rugage na yankinsu, har da yawan gidaje, don suna shiga su ƙofa-ƙofa. Jiharmu ta Tahoua na da gundumomi 12 da ƙananan hukumomi 44. In kowace ƙaramar hukuma ta zaunar da manjo, wato shugaban ma'aikatan asibiti, daraktocin makarantu, hakimai da wakilan mata da samari na kwana biyu, aka ɗora jerin rigakafi kan jerin rumfuna, giɓin zai fito da kansa.

A arewa lissafin ya sha bamban. Abalak, Tchintabaraden, Tassara da Tillia ƙasar kiwo ce, Buzaye da Fulani da Larabawa. Mutum na rubuce ƙarƙashin shugaban ƙabilarsa da ke zaune a wata ƙaramar hukuma, dabbobinsa na shan ruwa a wata. Da damina sun yi arewa wajen gishirin Ingall, bayan girbi wasu sun gangaro kudu cin kara. Abin da ba ya motsi shi ne ruwa. Rijiyoyi da tashoshin famfo da kasuwannin dabbobi, can rumfa za ta zauna, ko da mutum tamanin ne kawai a jerinta. Akwai tsada, na sani. Wasu na cewa a ɗora akwati a mota ya riƙa bin zango-zango, ni ban yarda ba: akwatin da ke yawo cikin daji ba idon kowa a kansa, kuma in an dawo da shi cike ba mai iya rantsuwa kan abin da ke ciki. Gara a buɗe wa makiyayi ƙofar sauya rumfa cikin ƙaramar hukumarsa har zuwa wata guda kafin zaɓe, da baki kawai gaban ma'aikaci, ba tare da an ce ya kawo takarda uku ba.

Sai maganar takarda. Ka tuna rigimar 2016 kan zaɓe ta hanyar shaidu, inda mutumin da ba shi da takardar shaida zai jefa ƙuri'a in mutum biyu sun ce sun san shi. Ƴan adawa suka ce ƙofar maguɗi ce, ɗaya ɓangaren ya ce rufe ta hana talaka zaɓe ne, kuma kowannensu na da rabin gaskiya. Don a fita wannan ne aka koma rajistar yatsu, aka kuma fitar da alƙalai ƙauyuka suna ba mutane takardar da ke maye gurbin ta haihuwa. An yi ƙoƙari. Sai dai ka dubi adadin: jerin 2016 ya haura miliyan 7 da rabi, na 2020 bai kai haka ba, a ƙasar da jama'arta ke ƙaruwa da kusan kashi 4 cikin ɗari kowace shekara. Wani ɓangare na raguwar alheri ne, an zubar da matattu da masu suna biyu. Wani ɓangaren kuwa rayayyu ne da na'ura ta tashi ba ta same su ba. Mazauna ƙetare ma ba a rubuta su ba saboda annobar korona. Rajistar da ake yi kamar kamun kifin shekara, a taru a yi a watse, kullum za ta bar mutane a baya. Na'ura ɗaya ta zauna a ma'aikatar magajin gari kusa da mai rubuta haihuwa da mutuwa, ta riƙa fita ranakun kasuwa. Yaron da ke da shekara 13 a 2020 ya cika 18 a 2025, sunansa kuwa ba ya cikin kowane jeri.

Wani abu da na ofis ba ya gani sai wanda ya zauna teburin rumfa: suna. Hadiza ɗaya za ka same ta Hadizatou a kati, Adiza a jeri. Mahamadou arba'in a rumfa ɗaya. Tsohuwa ta zo, duk gari da laƙabi aka san ta, ka tambaye ta sunan da ke takarda ta sunkuyar da kai don sunan surukarta ne, ba za ta faɗa ba. Liƙa jeri a bangon makaranta da Faransanci bai ishi mutanen da yawancinsu ba su karanta boko ba. A wani gari mun sa an karanta jerin da ƙarfi a dandali bayan la'asar, sankira na maimaitawa, jama'a na amsa "yana nan", "ta rasu bara", "wannan ai ta yi aure Madaoua". Yini biyu muka gyara abin da wata guda a bango bai gyara ba. Ranar zaɓe kuma, inda rumfuna suka wuce ɗaya, a tsayar da ɗalibi a ƙofar makaranta da cikakken jeri, aikinsa kawai ya ce Baba aji na biyu, Inna aji na huɗu.

Lokacin zaɓe ma shinge ne. Na 2004 ya faɗo tsakiyar damina, mutane na noma, koramu na kawo ruwa. Akwatinmu a amalanke ya zo, takardu naɗe cikin leda. Na 2011 da na 13 ga Disamban 2020 sun faɗo da sanyi, hanya ta bushe, amma mazan Adar sun tafi bida: Abidjan, Legas, Kamaru, Libiya. Akwai garuruwan da na ga layi kusan duka mata ne da tsofaffi. Masu albasa na Galmi da fadamun Madaoua kuma suna kan ban-ruwa, ba mai barin fangali ya bushe don layi. A ce a jira bazara ƴan ci-rani su dawo? Zafi ya kai maƙura, rumbu ya yi ƙasa, tiyar hatsi na sayen ƙuri'a, makiyayi na fama da rijiya dare da rana. Da ni za a tambaya, farkon Nuwamba zan ce, an gama girbi, ba a gama watsewa ba. Abin da ya fi watan muhimmanci shi ne a tsayar da shi a bar taɓa shi. Kansilolin da aka zaɓa a 2011 don shekara biyar sun zauna har 2020 saboda ɗage zaɓe sau da dama. Mai tafiya bida ba zai jinkirta tafiyarsa don ranar da shi kansa bai yarda za ta tabbata ba. Kada kuma a manta da ranar mako: 13 ga Disamba Lahadi ce, ranar kasuwar Tahoua, wanda ya ɗauro kaya tun asuba, in rumfa ba ta buɗe ƙarfe takwas cif ba, ya wuce ke nan.

Buɗewa kan lokaci kuwa aikin kaya ne. A zaɓen 21 ga Fabrairun 2016 sai da aka ci gaba da jefa ƙuri'a washegari a wasu wurare, har da jiharmu, don kaya ba su isa ba. Ni ma na taɓa buɗe buhu da asuba na tarar da jerin wani gari mai suna irin na namu, ka san Sabon Gari da Tunga ba su ƙirguwa a ƙasar nan. Muka tashi yaro da babur, ba mu fara ba sai sha ɗaya. Matan da suka zo da farar safiya sun koma daka da ɗibar ruwa, na kuwa san rabinsu ba su dawo ba. Tun ranar ba na karɓar buhu a rufe. Kaya su kwana biyu a hedikwatar ƙaramar hukuma kafin zaɓe, kowane shugaban rumfa ya zazzage nasa gaban shaidu ya ƙirga: jeri, takardun ƙuri'a, tawada, makullan roba na akwati, takardun sakamako, alƙalami, fitila da batir. Motar da za ta kai su a yi yarjejeniya da ita tun mako guda, a zuba mata mai tun jajibiri.

Cikin rumfar, mutum biyar ne: shugaba, sakatare da mataimaka uku. A tabbata akwai mace cikinsu, don akwai wadda ba za ta buɗe fuska ko ta miƙa wa namiji yatsa ba. Layin mata daban, masu ciki da masu goyo da tsofaffi da naƙasassu su wuce gaba, a faɗi haka da safe kowa ya ji don kada a yi gardama da rana. In makarantar na da matakala, a zaɓi ajin da ke ƙasa. Makaho ya zo da wanda ya yarda da shi, kada wakilin jam'iyya ya yi tayin rakiya. In ajin zana ne, a dubi inda aka kafa labulen sirri, don zana na da ido. Lokacin salla a yi karɓa-karɓa, kada a ja ƙofa. A 2020 akwati biyu ne rana ɗaya, na ƙaramar hukuma da na majalisar jiha, kuma na ga dattawa da dama sun tsaya da takarda a hannu suna rarraba ido. Mataimaki ɗaya ya tsaya bakin akwatunan, a kuma bambanta launinsu yadda ko daga nesa za a gane.

Wurin da ƙuri'ar gari guda ke mutuwa a hannun mutum ɗaya shi ne daren ƙirga. Ana rufewa ƙarfe bakwai, a watan Disamba kuwa rana ta faɗi tun shida da ƴan mintoci. Mutane sun yini ba hutu, ga sanyi, ga fitila na lumshewa, a haka sakatare zai cika takardar sakamako, wadda muke kira PV. Waɗanda aka rubuta nawa, waɗanda suka jefa nawa, lalatattu nawa, masu kyau nawa, kowane jeri ya samu nawa, kuma dole lissafin ya haɗu. In bai haɗu ba, ko an kankare, ko ba sa hannu, kotu na iya soke rumfar gaba ɗaya, har da ƙuri'ar wadda ta tako kilomita goma sha ɗaya. Horon yini guda da ake tara mutum ɗari a ɗaki ana karanta musu doka ba ya koyar da wannan. Ni ina sa kowane sakatare ya cika takardar gwaji uku da hannunsa, ɗaya da gangan na saka mata kuskure in ga ko zai kama. A ba kowane wakili kwafinsa nan take, a liƙa ɗaya a ƙofa, mai waya ya ɗauki hoto, hukuma kuma ta wallafa sakamako rumfa-rumfa yadda kowa zai gwada da hotonsa. Kuɗin ma'aikata a biya su cikin makon ta kamfanonin aika kuɗi, Nita ko Amana. Wanda ya yi wata uku yana bin ƴan jikkunansa ba zai sake karɓar aikin ba, sai a koma horar da sababbi kowane zagaye.

Tsaro ba zan yi maka dogon bayani ba, ka sani. Daren jajibirin zaɓen 2020 aka kai hari Toumour a jihar Diffa. Ranar 21 ga Fabrairun 2021 ma'aikatan hukumar zaɓe, CENI, su bakwai suka rasu da motarsu ta taka nakiya a yankin Dargol. Wata guda bayan haka aka kashe mutum sama da 130 a ƙauyukan Tillia. Ba wanda zai ce wa malamin makaranta ya kai akwati inda rai ke cikin haɗari. Amma in za a ɗauke rumfa, a yanke da wuri, a faɗa a gidajen rediyon karkara da Hausa da Tamajak da Fulatanci, a kuma tanadi mota. Wanda rikici ya koro a kafa masa akwati inda ya sauka, ƙuri'arsa ta tafi ƙaramar hukumarsa ta asali, tunda can gonarsa da rijiyarsa suke, kuma can yake fatan komawa.

Yanzu dai ba kansiloli. An rusa majalisun a Afrilun 2024 aka naɗa kantomomi, a Maris na 2025 kuma aka rusa jam'iyyu, aka tsayar wa mulkin riƙon ƙwarya wa'adin shekara biyar. Ga aikin taswira da jeri, wannan sarari ne da ba a cika samu ba, domin da zarar an sa ranar zaɓe, duk wanda ya ce a kafa rumfa a tunga kaza sai a tambaye shi wa yake wa aiki. Ka sayi littafi mai shafi ɗari. Ku samu ku uku ko huɗu, ku bi tungayen da ke kewaye da ku, kowace ku rubuta sunanta, gidaje nawa, manya nawa, nawa ke da takardar haihuwa, wace rumfa suka je a 2020, minti nawa ne a ƙafa, akwai korama a tsakani ko babu. Ku fara da gaida hakimi, ku gaya masa abin da kuke yi kafin ya ji a bakin wani. In kun gama ku yi kwafi uku: ɗaya ga babban sakataren ma'aikatar magajin gari, ɗaya ga perfe, ɗaya ku ajiye, kuma ku sa a buga muku hatimin karɓa a kan naku. Tafiyar tungarku zuwa uwar gari kuwa kada ka auna ta da babur, ka bi Inna a ƙafa ranar da za ta je gaisuwa, ka duba agogo.